Yashin Babura da Duwatsun Kazaure: Gaskiya ko Jita-jita?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ya san inda ƙasa take sauya kama. Daga Dawanau har a wuce Ɗambatta shimfiɗa ce, gonaki da kukoki, ba abin da ke tare ido. Da an doshi Kazaure sai tuddai su taso a jere, kawunansu fari-fari da ja-ja, su yi ta rakiyar matafiyi har ƙasar Roni da Gwiwa. Wanda kuwa ya karkata gabas ya nufi Babura, duwatsun ɓace masa za su yi, ya faɗa jigawa inda rairayi ke riƙe tayar babur. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, amma mai haƙar rijiya da magini da manomi kowa zai rantse maka ƙasa biyu ce.

Tsakanin rairayin can da dutsen nan akwai ɗan'uwa na uku da ba a cika ambatonsa ba, wato dutsen yashi: yashin da ya daɗe a binne har ƙwayoyinsa suka manne suka zama dutse. Maganganu da yawa da ake yi a majalisa da tashar tifa da bakin rijiya, kan ruwa da gini da arzikin ƙasa, in an bi diddiginsu a kan wannan dutse suke tsayuwa ko su faɗi. Wasu gaskiya ne, wasu rabinta, wasu kuwa sun ci wa mutane kuɗi, har da rai.

“Yashi daban, dutse daban, ba abin da ya haɗa su”

Wannan jita-jita ce, kuma sai an warware ta sauran za su fahimtu. Yashi ɗan dutse ne. Dutsen giranit, irin wanda ya kewaye garin Dutse da Birnin Kudu, haɗin ma'adinai ne iri-iri. Rana ta gasa shi, ruwa ya jiƙa shi, shekara da shekaru, sai masu taushin cikinsa su ruɓe su koma yumɓu da farar ƙasa. Wanda ba ya ruɓewa shi ne ƙanƙara, farin dutsen nan mai kama da gilashi da masana ke kira kwaz. Shi ne ke warwatsuwa ƙwaya-ƙwaya, ruwan damina ya kwashe shi zuwa rafi. Masana sun yanka wa yashi iyaka: ƙwayar da ba ta wuce milimita 2 ba, ba ta kuma gaza kashi ɗaya cikin 16 na milimita ba. Abin da ya fi haka tsakuwa ne, wanda ya gaza kuwa laka ce.

To, idan kogi ya zube yashinsa a kwari ko bakin teku, bana ya zuba, baɗi ya ƙara, har tulin ya kai ɗaruruwan mita, na ƙasa sai ya danne saboda nauyin na sama. Ruwan da ke ratsa shi yana tafe da narkakkun ma'adinai, ya riƙa ajiye su a mahaɗar ƙwayoyin kaɗan-kaɗan har su liƙe. Wanda ya taɓa cin kantun riɗi ya riga ya ga fasalin abin: ƙwayoyi daban, abin da ya manne su daban, ga kuma 'yan kafofi a tsakani da sukari bai cike ba. Manni uku ne suka fi yawa. Akwai na sinadarin ƙanƙarar kanta, shi ya fi ƙarfi. Akwai na farar ƙasar siminti, wanda ruwa mai tsami ke ci. Akwai na tsatsar ƙarfe, mai rina dutsen ja ko rawaya. Waɗannan kafofi na tsakani, a riƙe su da kyau, domin su ne dukiyar dutsen yashi, su ne kuma rauninsa.

Yanzu a dawo Kazaure. Masana ilimin duwatsu, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun daɗe suna nazarin wannan yanki, har ya zama ɗaya daga cikin sanannun zirin tsofaffin duwatsun arewa maso yammacin Nijeriya, tare da na Anka da Maru da Zuru. Abin da suka tarar shi ne, da yawa daga tuddan nan masu tsini asalinsu dutsen yashi ne. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce manyan sassan doron ƙasa suka yi karo a wannan ɓangare na Afirka, duwatsun suka nutse can ƙasa, zafi da matsi suka toya su. Ƙwayoyin yashin suka narke cikin juna, kafofin suka toshe, aka samu dutse mai taurin gaske da ake kira kwazait. Lakar da ke kwance tare da yashin ita kuma ta zama dutsen nan mai ɓarewa falle-falle. Da iska da ruwa suka ci gaba da aikinsu, mai falle-fallen ya zaizaye ya zama kwari da gonaki, mai taurin ya ƙi ci ya tsaya a matsayin tudu. Shi ya sa tuddan suke a jere kamar an ja layi. Ikon Allah ne, ba musu, amma iko ne da ya bi sababi, kuma sababin a rubuce yake a jikin dutsen.

Gani ya kori ji. A samu gutsure biyu, na dutsen yashi da na kwazait, a fasa da guduma. Dutsen yashi yana karyewa ta gefen ƙwayoyinsa, fuskar ta yi kaushi, in an murza da babban yatsa yashi ya zubo a tafin hannu. Kwazait kuwa yana tsagewa ta tsakiyar ƙwayoyin, fuskar ta yi sheƙi, bakin ya yi kaifin da zai yanki mutum. A ɗiga wa kowanne ruwa. Na farko zai shanye ya bar tabo mai duhu, na biyu ɗigon zai tsaya a kansa har rana ta busar da shi.

Dutsen yashi na ainihi, wanda wuta ba ta toya ba, sai an matsa. Akwai shi a ƙasar Sakkwato da Zamfara da bakin iyakar Katsina da Nijar, shimfiɗar da masana suka raɗa wa sunan garin Gundumi, inda har kututturan itatuwan da suka zama dutse ake tsinta. Akwai shi a Gombe, inda Dutsen Bima na tarihin Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi na 1903 ya ba wa wata babbar shimfiɗa sunansa. Na Babura kuwa bai kai ga zama dutse ba tukuna. Yashi ne da yumɓu da suka taru a gefen babban kwarin Tafkin Chadi, ga kuma rairayin da iska ta tula a kai lokacin da Sahara ta miƙo kudu, shekara dubu goma sha wani abu zuwa dubu ashirin da suka shige. A lissafin duwatsu, jiya-jiya ke nan.

“Dutse yana girma, har haihuwa yake yi a gona”

Manomin gindin tudu a Roni ko Gwiwa yana da hujjarsa. Ya tsince duwatsun gonarsa bara ya tara a kan iyaka, bana ga wasu sun fito. Amma ba haihuwa suka yi ba. Ruwan sama ne ya wanke ƙasar da ta rufe su, garma kuma ta tono na ƙasa. Gonar ce ke ramewa, kuma wannan ya fi haihuwar dutse zama abin damuwa. Kwazait da giranit da dutsen yashi, da zarar sun fito sarari, raguwa kawai suke yi.

Sai dai maganar ba ta rasa ƙwayar gaskiya ba. Marmara takan samu ne a cikin ƙasa inda ruwa ke tara tsatsar ƙarfe, kuma wata tana da taushi lokacin da aka haƙo ta, sai ta sha iska ta ƙanƙare. Wanda ya ga haka ya ce dutse ya yi girma, ba za a ce ya yi ƙarya ɗungurungum ba. Amma wannan hali na marmara ne, ba na waɗancan duwatsu ba.

“Akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa, a ƙara zurfi za a same shi”

A nan kuɗin mutane suka fi salwanta. Ana haƙa rijiyar burtsatse, an kai mita 50, ƙura kawai ke tashi. Mai injin ya cire hula ya ce, “Alhaji, a ƙara ko mita talatin ne, mun kusa kogin.” Alhaji ya ƙara. Daga baya a sake cewa a ƙara. Wani lokaci a dace, sau da yawa kuwa a tashi da rami mai tsada.

Babu wani kogi da ke gudu a ƙarƙashin Kazaure. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin yankinmu yana zama ne a cikin kafofin da aka ambata. Dutsen yashi mai kyau, kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na jikinsa kafofi ne. A ɗauki dunƙule mai mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi, wanda kashi 20 nasa kafofi ne: zai riƙe lita 200, cikin duro guda cur, alhali a ido dutse ne. Kuma kafofin a haɗe suke da juna, don haka in aka zuƙi ruwa a nan na can zai gangaro ya maye gurbinsa. Yashin da bai manne ba ma ya fi haka sakin ruwa. Shi ya sa a ƙasar jigawa, in aka ratsa yumɓu aka faɗa shimfiɗar yashi mai ruwa, rijiya takan yi albarka, kuma maƙwabci ma in ya haƙa kusan zurfin nan zai samu. A can gabas wajen Maiduguri, inda wannan shimfiɗa ta yi kauri, hawa uku na ruwa aka sani, har akwai rijiyoyin da a da ruwa ke tunkuɗo kansa ba tare da famfo ba.

Kwazait da giranit ba su da wannan baiwa. Wuta ta riga ta toshe kafofin. Ruwa a irin wannan ƙasa wuri biyu yake samun mafaka: ruɓaɓɓen saman dutsen, wanda kaurinsa ya bambanta daga wannan gida zuwa wancan, da kuma tsagogin da ke cikin dutsen. In haƙa ta faɗa kan tsaga mai ruwa, an dace. In ta kauce mata da 'yan taku, sai a ga rijiyar maƙwabci tana ambaliya taka tana ƙura, a fara zargin hassada ko sammu. Kuma tsagogin nan, yadda ake ƙara nitsawa haka suke ƙara matsewa saboda nauyin da ke kansu. Da zarar injin ya shiga lafiyayyen dutse yana fitar da busasshen gari fari, kowace mita da aka ƙara caca ce, kuma mai injin ne kaɗai ba ya faɗuwa, tunda da mita ake biyansa. Ba cewa nake duk masu haƙa macuta ne ba. Da yawansu sun yarda da kogin nan tsakani da Allah. Amma yardarsu ba ta sa shi ya wanzu.

Abin da ya kamata a ƙasar dutse shi ne awo kafin haƙa. Masu binciken ruwa suna kafa ƙarafa a ƙasa su tura lantarki, su karanta inda dutse ya ruɓe da zurfi ko ya tsage. Awon ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, amma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin busasshiyar rijiya ba. Ba banza ba kuma aka datse ruwa a Kazaure a shekarun 1970, lokacin da yankin ke cikin tsohuwar Jihar Kano. Inda ƙasa ba ta iya ajiye ruwa da yawa a cikinta, dole a tare shi a samanta.

Don a ga abin da dutsen yashi ke iyawa, a leƙa Yankari a Jihar Bauchi. Maɓuɓɓugar Wikki daga gindin dutsen yashi take fitowa, garau, da ɗumin digiri 31 rani da damina, tana zubar da kimanin lita miliyan 21 a kullum. A hamada kuma akwai shimfiɗar dutsen yashin Nubiya da ta ratsa ƙarƙashin Masar da Libiya da Sudan da Chadi, faɗinta wajen murabba'in kilomita miliyan 2. Daga cikinta Gaddafi ya jawo ruwa zuwa biranen gaɓar teku, aikin da aka aza harsashinsa a 1984, da bututai masu faɗin mita 4. Ko a can ma, duk da an sa wa aikin sunan kogi, bututun ne kogin. Ruwan a cikin kafofin dutse yake, ya taru tun zamanin da Sahara take da damina, kuma wanda aka ɗiba ba ya dawowa.

“Dutsen da aka yi da yashi ai ba ya gini”

Rabin gaskiya. Ƙarfin dutsen yashi yana ga manninsa. Wanda yumɓu ya riƙe, da farce ma sai a kankare shi, in ya jiƙe kuma ya ƙara laushi. Wanda sinadarin ƙanƙara ya manne kuwa yana gogayya da giranit. Jar Ganuwar Delhi da masu kallon finafinan Indiya suka sani, wadda Sarki Shah Jahan ya gina tsakanin 1639 da 1648, da jan dutsen yashi aka yi ta. A Al-Hijr, wato Mada'in Salih ta ƙasar Saudiyya, wurin da tarihin Musulunci ya danganta da Samudawa, akwai manyan kaburbura 111 da Nabatawa suka sassaƙa a jikin dutsen yashi shekara dubu biyu da suka wuce, suna nan da adonsu. A 2008 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Abin da ya sa masassaƙa ke son dutsen shi ne yana karɓar kurfi ba gardama, yana kuma tsagewa sala-sala bisa shimfiɗarsa.

Rauninsa ruwa ne da gishiri. Fadar White House ta Amurka da dutsen yashi aka gina ta, kuma farin da ta yi suna da shi ya samo asali ne a 1798, lokacin da aka shafe ta da farar ƙasa don kada dutsen ya sha ruwa sanyi ya farfasa shi. Mu ba mu da irin wannan sanyi, amma muna da kanwa da gishirin ƙasa, waɗanda ke hawa bango tare da danshi su bushe a cikin kafofi su riƙa ɓarɓasa dutsen. Don haka magini ya kwantar da shi yadda ya kwanta a mahaƙarsa, kada ya tsayar da shi a kan gefe, ya kuma raba shi da danshin ƙasa. Jiƙaƙƙensa kuma kada a yi murhu da shi, don ruwan da ke ciki in ya tafasa yana iya fasa shi. Inda ake son dutsen da zai sha duka dare da rana, kamar tsakuwar da ake zubawa ƙarƙashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 kuma ya bi ta Kazaure, mai tauri irin giranit ake nema.

Akwai ƙanwar wannan magana da ta fi ta ɓarna, wai yashi duk yashi ne. Rairayin jigawa da iska ta tula ƙanana ne ƙwarai, girmansu kusan ɗaya, gefensu ya goge. Kankare yana son yashin rafi mai kaushi, manya da ƙanana a gauraye, don ƙananan su cike tsakanin manyan. Mai buga bulo da ya ɗebi rairayi saboda arha, ko dai ya ƙara siminti ko ya sayar da bulon da ke marmashewa a hannu, kuma mun san wanda aka fi zaɓa. Gwajin ba wuya: a zuba yashin a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa. In lakar ta yi kauri har ta ɗauki ido, a mai da tifar.

“Tunda an samu mai a Kolmani da Agadem, mu ma yana ƙarƙashinmu”

Gaskiya ne man fetur yana son dutsen yashi. Ba tafki yake yi a ƙasa ba, cikin kafofin nan yake zama kamar yadda ruwa ke yi. Man yankin Neja Dalta, tun daga rijiyar Oloibiri ta 1956, daga shimfiɗun yashi ake zuƙo shi. Haka na Agadem a gabashin Nijar, wanda ake tacewa a matatar Soraz kusa da Damagaram tun 2011, ganga 20,000 a rana. Haka kuma ake fata a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙa a Nuwamban 2022. Hatta yuraniyom ɗin Arlit, da aka fara haƙowa a 1971, a cikin dutsen yashi ruwa ya tara shi.

Amma dutsen yashi mazubi ne kawai. Kafin a samu mai sai an haɗa abu huɗu: baƙar laka mai ɗauke da ragowar ƙananan halittu, zurfin kilomita biyu zuwa huɗu inda zafi zai dafa ta ba tare da ya ƙona ba, dutse mai kafofi da man zai taru a ciki, da murfin yumɓu da zai hana shi tserewa. Duwatsun Kazaure da Roni da Gwiwa sun sha zafin da ya wuce wannan nesa ba kusa ba, kafofinsu kuma sun toshe. A irinsu ba a neman mai. Wajen Babura akwai yashi, amma gefen kwarin ne, shimfiɗar ba ta yi kaurin da za ta dafa komai ba. Masu neman mai a ɓangaren Nijeriya na kwarin Chadi can Borno suka dosa, inda ya yi zurfi. Duk wanda ya zo yana sayen gonaki ko tara kuɗin rajista da sunan an gano mai a gindin tudu, a tambaye shi takardar hukuma.

Zinariya kuwa zancenta daban. Irin waɗannan tsofaffin duwatsu a Anka da Maru da Birnin Gwari suna ɗauke da ita, saboda haka tambayar ba ta wauta ba ce. Sai dai yawancin ƙyalƙyalin da ake gani a dutse mai falle-falle ma'adinin maika ne, wani kuma fairait, wanda ya yaudari mutane a ko'ina a duniya. A sa a kan maƙera a doka. Zinariya tana baje ne, fairait ya farfashe ya zama baƙin gari, maika ta ɓare kamar ɓawo. Kuma kowa ya tuna Zamfara a 2010, inda niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ya saki gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

“Ƙurar dutse ba komai, a sha madara ta wanke”

Wannan ce mafi haɗari, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Za ka ji ta a bakin masu fasa dutse da masu aikin injin niƙa tsakuwa: an tashi aiki, fuska fari fat har gashin ido, a sayi gwangwanin madara a kwankwaɗa, wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. Hanyarsu ta rabu tun daga maƙogwaro.

Ƙanƙarar da ta sa dutsen yashi ya zama abin wasa wuƙa, don ta fi ƙarfen wuƙa tauri, ita ce ke yanka huhu. Dutsen niƙa ma haka yake ci: na yashi yana sakin ƙwayoyinsa ya sabunta kaushinsa da kansa, mai tauri kuma in ya yi santsi sai an ɗanɗasa shi. 'Yar tsakuwar da ke biyo gari haƙori take ci, ba ta wuce nan ba. Matsalar ita ce ƙurar da ido ba ya gani, wadda ke tashi lokacin fasawa da niƙawa a bushe. Tana shigewa can ƙarshen huhu inda tari ba ya iya fito da ita. Jiki ya yi ta yaƙi da ita, wurin ya yi tabo, tabon ya yi ta yaɗuwa, huhun ya ƙanƙare. Sunan cutar silikosis. Takan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ta bayyana, amma inda ƙurar ta yi yawa cikin 'yan shekaru ko watanni take kayar da mutum. Ba ta da magani, ko an bar aikin tana iya ci gaba, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Sau da yawa ma da tarin fukan ake rikita ta.

Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A jihar West Virginia ta Amurka, daga 1930, an huda wani rami mai suna Hawks Nest ta cikin dutsen yashi, a bushe, ba kariya. Yawancin leburorin baƙaƙen fata ne da suka zo ci-rani daga kudu. Binciken majalisar ƙasar ya ƙirga mutum 476 da suka mutu, wani nazari na baya ya kai adadin 764. A jihar Rajasthan ta Indiya, inda ake haƙar dutsen yashi ana kaiwa Turai, har yau cutar tana cin masu fasa dutse. Kwazait ɗin tuddanmu kusan dukkansa ƙanƙara ce zalla, ya fi giranit yawanta nesa. Wato ƙurarsa tana cikin mafi muni.

Kariyar ba ta fi ƙarfin kowa ba. A jiƙa dutse kafin a fasa, a riƙa yayyafa ruwa a bakin injin, domin jiƙaƙƙiyar ƙura ba ta tashi. A tsaya ta inda iska ke fitowa. A sa takunkumi na gaske mai tace ƙura, irin N95. Rawani da ƙyalle manyan ƙwayoyi kawai suke tarewa. A sauya tufafin aiki kafin a shiga gida, kada a kakkaɓe su a tsakar gida cikin iyali. Yara kuma a raba su da wurin fasa dutse baki ɗaya. Masu injina da shugabannin ƙungiyoyin masu fasa dutse, tankin ruwa da takunkumi haƙƙin ma'aikaci ne a kanku. Kai kuma ɗan'uwa da ka shekara da shekaru kana wannan sana'a, in ka ga tari ya ƙi ƙarewa ko numfashi yana gaza ka a ɗan hawan da ka saba, ka je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinka, kuma ka faɗa wa likita aikin da kake yi tun kafin ya tambaya.